Tsayayye

A gidansu Auta babu kalmar da ta kai "tsayayye" muni. Babansu ya yi shekara arba'in da biyu yana gyaran agogo a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya a bakin titi, kuma a wurinsa agogo iri biyu ne kawai a duniya, mai tafiya da tsayayye. Tsayayyun yakan zuba su a wani tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin tebur, ya riƙa zarar musu ƙusoshi da allurai yana gyara masu rai. Yaro in ya cika kasala, tsayayye ne. Mutum in ya mutu, Baba ba ya cewa ya rasu sai a gaban baƙi. A cikin gida cewa yake, "Wane ya tsaya." Da wannan kunnen Auta ya girma, kuma shi ne ya kai shi ya baro.

Auta bai gaji sana'ar ba. Baba ya gwada shi sau biyu, ya ga yadda ƙusa ke tsalle daga yatsunsa, ya ce wannan hannun sai dai faskare. Sai ya zama mai ɗaukar bidiyo: tallan shaguna, taron ƙungiyoyi, yaye ɗaliban makaranta, duk inda aka kira shi da kyamararsa ɗaya tilo. Wadda ta gaji hannun Baba ita ce yayarsa, wadda ta girme shi da shekara shida. Zazzaɓi ya tafi da jinta tun tana 'yar shekara uku, ta tashi a gefen teburin gyara, ita da Baba suka ƙera wa kansu maganar hannu da babu mai ita sai su biyu. Taɓa fatar kunne shi ne marigayiya Innarsu. Kumbura kumatu shi ne Auta, wanda har ya yi gemu bai daina jin haushin wannan ba. Akwai kuma wasu alamu biyu masu kama da juna. In ka ɗora tafin hannu a ƙirji ka miƙa shi waje, "na yafe" ke nan. In ka ɗauko shi daga waje ka kawo ƙirji, "yafe mini" ke nan. Hanya ɗaya hannun ke bi, inda ya dosa ne kawai ya bambanta. Auta yana jin yaren sama-sama, gwargwadon abin da zai ishe shi a aike shi ko a zage shi.

Shekara bakwai da suka wuce Yaya ta sami aikin koyarwa a makarantar kurame a wani gari mai nisa. Baba bai so ba, don ita ya tanadar wa shagon. Ranar da za ta tafi ta tsaya a ƙofa da jakarta tana yi masa bayani da hannu, shi kuwa ya juya mata baya. Wanda bai zauna da kurma ba ba zai gane girman wannan ba. Mai ji ko ka juya masa baya zai iya kiran sunanka, ita kuwa duk maganarta a idonka take. Ta daɗe a tsaye hannunta a sama, sannan ta ɗauki jaka. Daga nan takan zo gida sau ɗaya a shekara, su gaisa, ya tambaye ta hanya, ta tambaye shi ciwon ƙafa, shi ke nan. Taurin kai iri ɗaya gare su, Allah ne shaida.

Wata takwas kafin rasuwarsa, da rana tsaka, Baba ya sa aka kira Auta shago.

"Kafa na'urar nan taka a nan. Ta ɗauko ni daga kai zuwa tebur."

Auta ya kafa, ya daidaita haske, ya kunna.

"To, fita."

"Baba, ai sai na tsaya na ga ko..."

"Na ce ka fita. Ba da kai nake ba."

Ya fita ya zauna a kan benci a waje, minti goma sha ɗaya. Da aka kira shi ya dawo ya tarar da Baba yana share fuska da hannun riga. "Ka ajiye wa yayarka," in ji shi. "Ran da na tsaya ka ba ta. In ka kalla kuwa, ban yafe ba."

Auta ya riƙe amana, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Matsalar ita ce katin kyamararsa ya cika, washegari kuma yana da aiki. Bidiyo yadda yake fitowa daga kyamara ƙato ne, sai an matse shi kafin a adana. Akwai manhajar da ke wannan aikin, masu sana'ar suna kiranta kodek: ita ke matse bidiyo ya ƙanƙance, ita ko 'yar'uwarta kuma ke warware shi duk ran da za a kalla. Ya ji ana yabon wata sabuwa mai matsewa ƙwarai ba tare da hoto ya dishe ba, ya shiga shafin masu ita. Turancinsa ba ya nisa, don haka ya danna wurin fassara, shafin ya juye zuwa Hausa. Sai ga maɓalli biyu. Ɗaya an rubuta "Tsayayye", ɗayan "Na ci-gaba".

Ɗan mai agogo ko daƙiƙa biyu bai ɓata ba. Wa zai ɗauki tsayayye ga na ci-gaba a gefe? Har da ɗan tsakinsa, yana mamakin mutanen da suka bar mataccen abu a shafinsu. Akwai wani dogon rubutu ja a ƙasa, bai karanta ba, kamar yadda babu mai karantawa. Ya matse bidiyon. Ya leƙa 'yar tagar da manhajar ke nuna hoto, ya ga Baba yana gyara zama, tar da shi, ya yi maza ya rufe kafin hannu ya ɗagu. Ya ajiye kwafi a kwamfuta, wani a faifan ajiya, wani a intanet. Sannan ya goge katin, yana jin kansa mutum mai tsari. Bayan wata uku kwamfutar ta soma nauyi, ya kai aka wanke ta tas aka zuba sababbin manhajoji.

Baba ya tsaya ranar wata Talata. Yaya ta iso washegari, an riga an binne shi. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, sai dai ta shiga shagon ta bi agogunan bango ɗaya bayan ɗaya tana murɗa su don kada su tsaya. Ranar Alhamis Auta ya gaya mata Baba ya bar mata saƙo a bidiyo. Ta kafe shi da ido har ya tsargu, sannan hannunta ya ce, "Me ya ce?" Ya nuna mata bai kalla ba, an hana shi. Ta ce to, sai Lahadi in mutane sun ragu, don ranar Litinin da safe motarta za ta tashi.

Da safiyar Juma'a ya ce bari ya tabbatar fayil ɗin yana nan, zai kalli daƙiƙa uku na farko kawai. Ya danna. Baba ya bayyana a zaune, sannan allon ya zama kore shar. Koren ya farfashe zuwa ƙananan murabba'ai, fuskar Baba ta narke a cikinsu ta zubo gefe. Sauti kuwa lafiya lau, tsaf da shi: ƙas-ƙas ɗin agogunan shago, motsin hannun riga, numfashin tsoho. Ba kalma ko ɗaya, don Baba da hannu ya yi maganarsa.

Auta ya rufe ya sake buɗewa. Ya ɗauko na faifan ajiya, kore. Ya sauko da na intanet, kore. Ɓarna ɗaya ce ya adana sau uku da kulawa. Ya tura wa wayarsa, ta ce ba ta san irin wannan fayil ba. Ya soka a talabijin, ya yi baƙi ya bar shi da ƙarar agogo. Ya sauko da manhajojin kallo har huɗu, kowace da irin nata haukan, wata shuɗi, wata ta rufe kanta ba sallama. Ya koma shafin nan ya sake ɗauko na ci-gaba, na wannan makon, ya ƙi ko buɗe fayil ɗin. Kafin azahar rigarsa ta jiƙe da gumi.

Ya saɓa kwamfutar ya nufi kasuwar wayoyi, hawa na biyu, wurin mutumin da ya wanke masa ita. Farfesa ake ce masa, ba don ya taka jami'a ba, sai don ba ya amsa tambaya a taƙaice. Shagonsa cike yake da gawawwakin kwamfutoci har rufi, shi kuma yana tsakiya da tabarau a goshi.

"A'a, ɗan mai agogo. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba."

"Amin. Farfesa, na shiga uku."

Farfesa ya kalli koren, ya buɗe bayanan fayil ɗin, ya sauko da tabarau. "Da me ka matse wannan?"

Auta ya faɗa masa.

"Wane samfuri? Ai biyu ne a shafin."

"Na ci-gaba mana."

"Subhanallahi. Wa ya aike ka?"

"To tsayayye zan ɗauka? Abin da ya riga ya tsaya?"

Farfesa ya fashe da dariya, sai ya ga fuskar Auta, dariyar ta maƙale. Ya jawo masa kujera. "Zauna. Tsayayye fa, kamar yadda za a ce wane tsayayyen mutum ne, ba ya canza magana. Shi ne wanda aka gwada wata da watanni, aka tabbatar duk abin da ya matse kowace waya da kowane talabijin za su iya warwarewa. Na ci-gaban nan kuwa na masu ƙirar ne, kullum sai sun fitar da sabo, suna gwaji. Yau lafiya, gobe hauka. Wani lokaci ma yakan rubuta fayil da wani salo nasa da babu mai karantawa sai shi kansa."

Shekara talatin da huɗu Auta yana jin kalmar nan da ma'ana ɗaya, ga shi ta biyun ta same shi a hawa na biyu na kasuwar wayoyi. Ya san ta sarai, ya sha jin an ce tsayayyen namiji, amma ranar ko kusa ba ta zo masa a rai ba.

"To in shi kaɗai ke karantawa," in ji shi, "a nemo shi ɗin. Na ranar da na matse."

"Ba sa ajiye su fiye da wata guda." Farfesa ya sosa ƙeya. "Amma tsaya. Ni ba na wanke kwamfutar mutum ban kwashe tarkacenta ba."

Ya shiga tonon faifai a cikin wani kwali, yana karanta rubutun jikinsu yana tsaki. Sai bayan la'asar ya samo, ga manhajar nan a cikin tarkacen Auta, ta wannan ranar, ba ta wata ba. Auta ya ji kamar ya rungume shi. Har ya soma tsara yadda zai ba Yaya labarin wahalar da ya sha, su yi dariya. Suka zuba ta a wata tsohuwar kwamfuta, Farfesa ya ce bismillah, ya danna. Baba ya bayyana, allon ya zama kore.

"Amma na gani da idona!" Auta ya miƙe tsaye. "Ranar na ga Baba yana motsi, wallahi na gani."

"A ina ka gani?"

"A 'yar tagar nan ta gefe."

Farfesa ya cire tabarau ya ajiye. "Wannan tagar na asali take nunawa, wanda ke kan katinka. Ba wanda ta matse ba."

Katin kuwa an ɗauki taro ya fi talatin a kansa tun daga ranar. Farfesa ya karɓa ya bincika duk da haka, ya samo rabin jawabin wani shugaban ƙungiyar direbobi da tallan katifa.

Suka rubuta wa masu manhajar, a dandalin da ake kai musu ƙorafi. Farfesa ya yi Turancin, Auta yana ta cewa a ƙara, a gaya musu uba ne, a gaya musu ya rasu. Amsa ta zo ranar Asabar da hantsi daga wani mutum da ba su san sunansa ko ƙasarsa ba, mai ladabi ƙwarai. Farfesa ya fassara masa a hankali. Ya ce mutumin ya yi musu ta'aziyya. Ya ce samfurin wancan makon yana da wani aibi da aka gano aka gyara cikin kwana huɗu, an kuma rubuta gargaɗi da ja. Ya ce ita manhajar ba kowane hoto take ajiyewa cikakke ba, takan ajiye cikakke guda ɗaya duk bayan daƙiƙa goma, a tsakani kuma sai ta rubuta abin da ya motsa kawai. To wannan rubutun motsin ne samfurin ya zubar tun ranar. Babu shi a fayil ɗin, don haka babu manhajar da za ta fito da shi, tsohuwa ko sabuwa.

"Kwana huɗu," in ji Auta. Ya so a ce akwai wanda zai shaƙe, amma mutumin ya yi masa ta'aziyya, gargaɗin kuma ja ne, da idonsa ya tsallake shi.

Cikakkun hotunan kam suna nan. Farfesa ya zaro su ɗaya bayan ɗaya, ya juya kujerarsa yana kallon bango don kada ya ga sirrin mutane. Sittin da shida. Dole Auta ya duba su don ya tabbatar sun fito, ya karya amanar da ya riƙe wata takwas, kuma ko jimla ɗaya bai tsinta ba. Baba ne a zaune, hannu a sama, hannu a ƙasa, hannu ya zama hazo saboda sauri. Farfesa ya raka shi har bakin matakala, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya ce a gaida gida.

Ranar Lahadi da yamma Yaya ta ce a shago take so ta kalla. Ta share teburin gyara, ta zauna a kujerar Baba, ta sa sabon mayafi kamar mai jiran baƙo. Auta ya ajiye kwamfutar bai buɗe ba. A yarensu na gida babu alamar kodek, babu ta matsewa, babu ta samfuri. Ya laluba ya rasa. A ƙarshe ya nuna kwamfutar, ya nuna kansa, ya yi alamar karya kara. Sannan ya nuna gwangwanin da ke ƙarƙashin tebur. Ta gane nan take, ya ga lokacin da hasken fuskarta ya ɗauke. Ya miƙa tafin hannunsa waje ya kawo shi ƙirji. Ba ta amsa ba. Ta jawo kwamfutar gabanta ta buɗe.

Ya nuna mata maɓallin da za ta riƙa dannawa. Ta soma bi a hankali, kowane hoto sai ta daɗe a kansa, leɓenta yana motsi. A na tara Baba yana taɓe da fatar kunne, ta gyaɗa kai, Inna ce. A na ashirin da uku ya kumbura kumatu, wata 'yar dariya ta kufce mata, irin tata mai fita ba awo, ta dubi Auta ta kawar da kai. Me aka ce game da Inna, me aka ce game da Auta, oho. Kalma ɗaya ce take samu daga kowace daƙiƙa goma, wani lokaci ma rabin kalma. Takan ɗaga hannunta ta kwaikwayi yadda nasa ya tsaya, ta gwada ƙarasawa ta nan, ta gwada ta can, ta girgiza kai ta wuce.

A na sittin da huɗu ta tsaya. Hoton ya fito tar, har jijiyoyin bayan hannu ana gani. Idanun Baba sun yi ja, yana kallon kyamara kai tsaye. Tafin hannunsa a buɗe yake, a tsakiyar hanya, tsakanin ƙirjinsa da ita.

Ta danna gaba. A na sittin da biyar hannayensa biyu suna kan tebur. Ta dawo baya, na sittin da uku yana share ido. Ta koma na sittin da huɗu, ta juyo ta kama hannun rigar Auta.

"Ina hannun ya nufa?"

Ya nuna bai sani ba. Ta buga tebur har ƙananan ƙusoshi suka yi tsalle, ta nuna kunnensa da ƙarfi. "Kai kana ji. Saurara."

Gaskiya ta faɗa. In hannu ya bugi ƙirji akwai ɗan sauti, kuma in kafin hoton ya zo, fita hannun yake, in bayansa ne, shigowa yake. Ya sa abin saurare a kunne, ya kai sautin daidai wurin, ya ƙure ƙara. Agogunan shago na wata takwas da suka wuce suka cika masa kai. Ya ji numfashin Baba, ya ji motsin riga. Ya ji wani ɗan "dum" daƙiƙa huɗu kafin hoton. Ya ɗago zai gaya mata, sai ya ji wani "dum" ɗin daƙiƙa biyar bayansa. Ya maimaita sau shida. Ɗaya ƙirji ne, ɗaya wataƙila tebur, ko gwiwar hannu, ko duka biyun ƙirji ne, kunnensa ya kasa rabewa.

Ya so ya yi mata ƙarya, wallahi ya so. Zaɓar ɗaya kawai zai yi, kowanne ya zaɓa zai ishe ta guzuri. Amma wadda ta yi shekara talatin da bakwai tana karanta fuskokin mutane ba a yi mata ƙarya da fuska irin tasa, kuma tana kallonsa ko ƙiftawa ba ta yi. Ya cire abin sauraren. Ya ɗaga yatsu biyu, ya nuna gaba, ya nuna baya, ya buɗe hannayensa wayam. Hawayen da bai zubar ba tun Talata suka zo masa a lokacin, ya bar su.

Yaya ta saki rigarsa ta juya ga allon. Ta daɗe tana kallon Baba, shi ma yana kallonta, karo na farko cikin shekara bakwai da ya fuskance ta da maganar da ta wuce gaisuwa. Sannan a hankali ta ɗaga nata tafin, ta kai shi tsakiyar hanya daidai inda nasa yake, ta tsaya. Auta ya zuba wa hannun ido. Bai san ko Baba za ta amsa wa ko shi ba, bai san ko tana da amsar da za ta bayar ba tunda ba ta san abin da aka tambaye ta ba. Agogunan bango da ta murɗa suna ta tafiya, shi kaɗai ke jin su. Hannun bai je gaba ba, bai dawo baya ba.

Ta sauke shi a kan cinyarta. Ta sa yatsa a kan maɓallin, ta koma hoto na ɗaya.